Hannun da Na Daina Gani a Hanyar Doguwa

Ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki a tashar Kwanar Dangora, darduma aka ba ni da buta. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, ko da yake na so in tambayi shugaban tasha a kan me suke zaton nake salla duk shekarun nan. Aka sha lemo, aka yi addu'a, aka ɗauke mu hoto da waya. Ana cikin haka aka kira lodin Tudun Wada, kowa ya watse, aka bar ni a benci da butata.

Sunana Isiyaku, amma a tasha Ba-Gaggawa ake kirana, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Na haura shekara arba'in ina jan mota tsakanin Kwanar Dangora, Tudun Wada da Doguwa. Ku samarin da kuke zuwa ku zauna kusa da ni kuna cewa tuƙi ai zama ne kawai, a murɗa sitiyari a taka totur, ban ƙaryata ku ba. Zama ne. Sai dai zama ne da rayukan mutane jere a bayanka, kowa da wanda yake jiransa a gida.

Abin da ba ku sani ba shi ne, a sana'armu ƙarshen direba iri biyu ne. Akwai wanda ya ajiye makulli, akwai wanda aka karɓe makulli a hannunsa. Na farko shi yake ɗaukar ƙafa ya je gidan mai mota, ya miƙa, a yi addu'a, ya dawo tasha ya zauna cikin manya ana jin maganarsa. Na biyu aike ake yi a karɓa, ko don ya yi ɓarna a hanya, ko don an ga zai yi. Wannan ko ya zo tasha a gefe yake raɓewa, in ya yi gyara a tuƙin wani sai a kalli juna. Tun ina saurayi abu biyu na roƙi Allah: kada jinin kowa ya taɓa motata, kada kuma a aiko karɓar makullina. Saura ƙiris in rasa duka biyun a safiya ɗaya, labarin da zan ba ku ke nan.

Aikin farko da aka ba ni a mota shi ne riƙon waji. Ubangidana, Oga Tanimu, gingimari yake ja, yana ɗauko masara daga Doguwa. Waji guntun katako ne mai kauri da mariƙi. In mota ta tsaya a hawa, kai karen mota za ka diro da gudu ka cusa shi a bayan taya kafin ta fara sulalewa baya. In ka yi nawa, mota da kaya da Oga duk sun tafi rami. In ka yi garaje, yatsunka ne za su tafi. Daga waji aka ƙara mini zuba ruwa a lagireto, da duba baƙin mai, da ɗaure tamfol yadda ruwan sama ba zai sami hanya ba. Na san jak da sifana kamar yatsun hannuna tun ban san laushin kujerar direba ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sitiyari sai dai in goge shi da tsumma.

Ranar da ya fara ba ni tuƙi a kan kwalta, mota ba kaya, mun baro Tudun Wada da hantsi. Ina ta murna giya tana shiga ba ƙara. Wata bas ta taho ta wuce mu. Sai Oga ya ce in sauka gefe in kashe mota.

"An yi maka magana ka yi shiru," in ji shi.

Na ce, "Oga, ban ji kowa ya yi magana ba."

"Da kunne ake ji a hanya? Mutumin can ya ba ka hannu, ka wuce shi kamar kututture. Sauka ka koma baya."

A ranar ya fara koya mini hannu, kuma shi ne rabin sana'ar. Direban da ke tahowa ya riga ka ganin abin da ke gabanka, kai ma ka riga shi ganin nasa, ga shi ba lokacin tsayawa a gaisa. Saboda haka in ya kifa tafi yana dannawa ƙasa, sassauta yake cewa. In ya nuna ƙasa da yatsa, abin yana nan kusa, bayan kwanar farko. In ya taɓa kafaɗa, masu kaki ne. In ya ɗaga yatsu biyu kamar ƙaho, shanu ne a kan titi. In kuwa ya kaɗa yatsa a sama yana zagayawa, kada ka tsaya tambaya, juya ka koma inda ka fito. Kai kuma dole ka amsa, ko da ɗaga yatsu ne daga kan sitiyari, don ya san saƙo ya isa. Wanda aka ba hannu bai amsa ba ya yi rashin kunya, wanda ya ga abu bai ba na bayansa hannu ba ya ci amana. Ba ruwan hannu da sanayya. Na ba mutanen da ban taɓa sanin sunansu ba, su ma sun ba ni.

Da na sami tawa motar, bas ce ta wani attajiri a Kiru. Bayan rasuwarsa matarsa Hajiya Asabe ta ce in ci gaba da riƙewa, mota ta tsufa a sake wata, ni dai ina nan. A bas na san mutane. Akwai mai cewa, "Direba, taka mana, ko jaki muka hau?" Akwai mai rantsuwa cewa akuyarsa ba ta fitsari a mota. Akwai wanda zai yi barci tun daga tasha, sai an wuce garinsu ya farka ya ce laifinka ne. Akwai kuma irin su Gwaggo Hanne, mai kai bandar kifin Tiga kasuwar Doguwa. Iyayenta suna cikin waɗanda ruwan dam ya tasa, ita kuma ta ce tun da ruwa ya cinye musu gona, to ita ma sai ta ci ruwa. Kullum a kujerar baya take zama da kwandonta a cinya, ba ta yarda a sa shi a but, kuma ba abin da ke wucewa a hanya ba ta yi sharhi a kansa ba.

Shekarar da dajin Falgore ya lalace ita ce mafi muni da na gani. Ɓarayi suka riƙa tare hanya da rana tsaka. Fasinja suka ɗauke ƙafa, sai ka yini a layi ba ka cika ba. Direbobi da yawa suka koma gona, wasu suka kama acaɓa. Wata safiya na ɗauko mutane, mun fara shiga daji ke nan, sai ga wata akori-kura ta fito a guje, direban ya zuro hannu yana kaɗa yatsa a sama. Ban san shi ba, har yau ban san shi ba. Na juya mota a tsakiyar titi. Wani mai babbar riga ya zage ni tas, wai zan sa ya makara ɗaurin aure. Na ce, "Alhaji, za a ɗaura ko ba ka je ba." Direban da ke gabana a layi a ranar, Mamman, ya riga ya shige kafin a sami mai ba shi hannu. Washegari muka yi masa sutura a Dangora. Mai babbar rigar nan bai ba ni haƙuri ba, amma daga ranar in ya zo tasha sai ya zauna ya jira layina.

To, da irin wannan hannun na tsufa, shi ya sa abin da ya same ni ya zo ta inda ban zata ba. Idona bai yi mini sallama ba da zai tafi. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba hawaye. Mota ina ganinta, gada ina ganinta, kwalta tana nan baƙa yadda na san ta. Ƙananan abubuwa ne suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ban san sun zame ba, don abin da ba ka gani ba, ba ka san akwai shi ba balle ka neme shi. Sai daga baya likita ya gaya mini ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiya ce, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa ragowar da magani.

Abin da na lura da shi kawai shi ne an daina ba ni hannu. Na yi ta cin abin a raina, har wata safiya a teburin mai shayi na kasa haƙuri. Direbobi sun cika benci, ga abokina Sale, wanda muka yi karen mota a zamani ɗaya, yana tsoma burodi.

Na ce, "Ni dai yaran zamanin nan sun kashe sana'a. Ka je Doguwa ka dawo, ba mai ba ka hannu. Kowa ya ƙame a sitiyari kamar an dasa shi."

Direbobin suka kalli juna. Na ɗauka kunya ce ta kama su, har na ji daɗi.

Sale ya ajiye kofi ya ce, "Isiyaku, yaushe rabon da a ba ka hannu?"

"Tun kafin damina."

"Har ni?"

"Har kai, Sale. Jiya ma mun haɗu bayan Tudun Wada, ka wuce ni kamar ba ka taɓa ganina ba. In yara sun lalace, kai mene ne naka?"

Ya dube ni ya ce, "Ka yi haƙuri. Za mu gyara."

Gyaran da suka yi shi ne hon. Daga makon nan duk motar layinmu da ta hango ni sai ta danna. Na je na sami Sale na ce an ce ku gyara kun ƙara ɓatawa, hanya ta koma gidan biki. Ya ce ai sabon yayi ne daga Kano, yanzu da hon ake magana: dogo guda ɗaya, sassauta, gajeru a jere, hanya lafiya. Na ce Kano dai ba ta gajiya da kawo shirme. Amma na riƙe, na kuma riƙa aiki da shi, ina yi ina tsaki.

A kwanakin nan ne Habu ya fara son surukansa. Habu direba ne, magidanci da furfura a gemu, mai motarsa ya sayar da ita, yana zaman jiran wata motar. Duk sanda layi ya zo kaina sai in tarar da shi a kujerar gaba, wai zai je Doguwa gaida surukai. Mu je tare, mu dawo tare. Na ce a raina, ko dai matar nan ta fi ƙarfinsa, ko surukan suna da tuwo mai daɗi. Ga shi da labari kamar rediyo. Muna tafe sai ya ce, "Baba, na ji an ce tirela ta lalace bayan kwanar nan." Mu sha kwana, ga tirela. Ko ya ce, "Baba, kamar yau masu kaki suna gada." Mu isa, ga su. Har na fara tunanin ko yana da aljanu.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, an fara yankan dawa, lokacin da makiyaya suke tasowa da shanu. Mota cike, Gwaggo Hanne tana baya da kwandonta, Habu yana gefena. Mun yi nisa a cikin daji, rana ta ɗaga, hanya fayau, na ɗan saki mota fiye da yadda na saba. Sai ga wata gingimari daga wajen Jos, baƙuwa, ba ta layinmu ba. Ta wuce mu shiru.

Na ce, "Ka gani ko? Wannan ko hon ɗin ma babu."

Habu ya ce, "Baba, sassauta."

Na duba gabana, ba komai sai kwalta da kwana can gaba. Ban ɗaga ƙafa ba.

"Baba, birki! Shanu ya ce!"

Ƙafata ce ta ji shi kafin kaina. Na taka, na sauke giya, taya ta yi kuka, kaya suka zubo a kan mutane, mota ta ɗauki salati. Muka sha kwanar tana ja da ƙasa. Ga garke ya cika titi daga wannan gefe zuwa wancan, ga wata mata a tsakiyarsu da ƙore a ka da goyo a baya. Inda motar ta tsaya, da na zuro hannu ta taga da na taɓa ƙahon saniya. Matar ta tsaya cak tana kallon gilashina. Makiyayin ya rugo ya janye ta, ya ɗaga mini sanda, suka kora shanunsu suka shiga daji.

Na gangara gefe na kashe mota. Na bari sai da salati ya lafa, sannan na ce, "Habu, wa ya ce shanu?"

"Mai gingimarin, Baba."

"Da me ya ce?"

Habu ya sunkuyar da kai yana murza gwiwa. Daga kujerar baya Gwaggo Hanne ta amsa, ita da ba ta san da wata ƙulalliya ba.

"Da hannu mana, Malam Isiyaku! Har kafaɗa bawan Allahn nan ya zuro shi, yana ta yi maka ƙaho da yatsu. Ni da nake nan ƙurya ma na gani."

Na fita daga mota, na ce Habu ya biyo ni. Muka tsaya a gindin wata ɗorawa inda fasinja ba za su ji ba.

Na ce, "Surukan nan naka, a wace unguwa suke a Doguwa?"

Ya ce, "Baba, matata 'yar Bebeji ce."

Daga nan ya kwance mini komai. Ba wanda ya taɓa daina ba ni hannu. Tun kafin damina suke ba ni ina wucewa ban amsa ba, har samari suka fara cewa girman kai ya kama Ba-Gaggawa. Ranar teburin shayi suka gane. Ina tashi shugaban tasha ya ce a aika wa Hajiya Asabe ta karɓi makullinta. Sale ya miƙe ya ce in dai yana numfashi ba mai karɓar makulli a hannuna, kuma ba wanda ya isa ya dubi idona ya ce in sauka, don ba a yi wa babba haka a tasha. Ya ce a ba ni lokaci in gane da kaina. Shi ya ƙirƙiro yayin Kano, shi ya bi direbobin layi ɗaya bayan ɗaya, shi ya roƙi Habu ya riƙa zama a gefena yana karanta mini hannu. Abin da bai lissafa ba shi ne baƙon direba, wanda bai san da yarjejeniyar ba.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Bayanta tsoro ya zo, da na tuna yawan mutanen da na ɗauka tun kafin damina, ina zagin yaran zamani, su kuwa suna ta miƙo mini hannu. Har yau ban yanke wa Sale hukunci a raina ba. Ya tsare mini mutunci, wannan gaskiya ne, kuma ba ni da aboki kamarsa. Amma da ran fasinja ya tsare shi, da na matar nan mai goyo, su kuwa ba wanda ya shawarce su. Na faɗa masa haka daga baya, ya ce ya sani, shi ma bai yi barcin kirki ba a watannin nan.

Muka koma wajen mota. Na zare makulli, na riƙe shi kaɗan, sannan na miƙa wa Habu a gaban kowa.

Na ce, "Aro na ba ka. Ka kai mu, ka dawo da mu. In mun sauka ni zan kai wa Hajiya abinta Kiru da ƙafata."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "To, Baba, ga gaba nan ka zauna."

Na ce a'a, in na zauna a gaba ƙafata za ta yi ta neman birki a inda babu. Wani ya koma gaba, ni na zagaya na shiga kujerar baya ta jikin taga, kusa da Gwaggo Hanne. Ta gyara kwandonta ta ba ni wuri, ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Habu ya tayar da mota. Giyarsa ta biyu tana da ɗan gaggawa, amma na kame bakina.

Shirun Gwaggo bai kai ƙarshen daji ba. Muna fitowa fili ta taɓo ni da gwiwar hannu.

"Kai, dubi yadda rake ya yi fure a gindin duwatsun can."

Na ce, "Waɗanne?"

"Haba Malam! Shekara nawa kana bin hanyar nan?"

Na san da duwatsu a wurin, don giya tana gaya mini duk sanda muka fara hawa. Na san kowane rami, na san inda kwalta take zamewa in an yi yayyafi, na san kwalbatin da bakinsa ya karye. Amma ban taɓa juya kaina na kalle su ba, ko sau ɗaya, kullum ina cewa wata rana in ba ni da mutane a baya. Na juya na duba ta taga. Na ga wani abu babba, shuɗi-shuɗi, ba shi da baki ba shi da iyaka, kamar hayaƙin da ya tsaya wuri ɗaya.

Na ce, "Gwaggo, gaya mini yadda suke."

Ta dube ni, sai ta rage murya. Ta ce akwai wani babba mai sulɓi, da ƙarami a ɗore a kansa kamar tulu a kan gammo. Ta ce wata bishiya ta tsaga shi ta fito ta tsakiya. A ƙasa rake ne fari fat da fure, iska tana kwantar da shi, ga mata can a kan falalen dutse suna shanya barkono, wurin ya yi ja.

Na ce, "Da kyau?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa."

Na ce to. Na ci gaba da kallon wajen da ta nuna har muka shiga Doguwa.